Gani Odutokun: Malamin Zariya da ya bar fenti ya nemi hanyarsa

Duk matafiyin da ya tashi daga Kano ya nufi Zariya a tsakiyar rani, da zarar ya wuce Kura ya doshi Kadawa, zai ga ƙasa ta sauya kama. Dama da hagu fangalolin shinkafa ne kore shar, ga jan tumatir an baza a rana, ga alkama ta yi ruwan ɗorawa tana jiran lauje, sannan layukan kanal sun ratsa tsakani kamar an ja su da zare. Babu fasinjan da ke tambayar direba ma'anar wannan kore ko wancan ja. Kallo ake yi, ido ya ƙoshi, mota ta wuce.

Amma da za a kwashe waɗannan launuka a shimfiɗa su a kan ƙyalle, a rataye a bangon wani ofis, tambayar farko da baƙo zai yi ita ce: "Wannan kuma hoton mene ne?" Idan aka ce masa ba hoton komai ba ne, sai ya yi murmushi ya ce ko ɗansa na firamare zai iya. Wannan tambaya da wannan murmushi su ne abin da masu zane marar sura, wato wanda Turawa ke kira abstirak, suka daɗe suna fama da su a ko'ina cikin duniya.

A ƙarshen wannan hanya, a unguwar Samaru ta Zariya, an yi wani malami da ya shafe kusan shekara 20 yana amsa tambayar da hannunsa. Sunansa Gani Odutokun. Masana tarihin zane suna lissafa shi cikin manyan masu zanen da Najeriya ta samar bayan 'yancin kai, an kuma baje ayyukansa a Legas da Landan, amma a Arewar da ya yi karatu, ya koyar, ya kuma yi dukkan aikinsa, ba kowa ne ya taɓa jin sunansa ba.

Daga Nsawam zuwa Samaru

An haifi Gani Odutokun a 1946 a garin Nsawam na ƙasar Ghana, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin Ingila. Iyayensa Yarabawa ne 'yan asalin Offa da ke Jihar Kwara ta yanzu, fataucin koko ne ya kai su can, kamar yadda goro ya kai Hausawa Gwanja da zangunan Kumasi. Sunan Gani a bakin Yarabawa taƙaitawa ce ta Abdulganiyu, sai dai a kunnen Bahaushe ya zo daidai da sana'ar mai sunan, tunda aikinsa duka na ido ne.

Da kasuwar mahaifinsa ta ja baya, sai iyalin suka dawo gida Najeriya. Bayan ya gama sakandare, Gani ya kama aikin akawu a kamfanin Nigerian Breweries. Da ya ga dama da ya zauna a nan, albashi na zuwa ƙarshen wata, har ya kai ga fansho. Abokansa ne, da suka ga irin abin da hannunsa ke yi da fensir, suka matsa masa ya nemi jami'a. A 1972, yana da shekara 26, ya shiga Sashen Zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello. Ya kammala digirin farko a 1975, sashen ya riƙe shi a matsayin ƙaramin malami, sannan ya yi digiri na biyu a 1979. A wannan sashe ya ci gaba da koyarwa har ƙarshen rayuwarsa.

Makarantar da ya tarar

Gani ya shiga gidan da ya riga ya yi suna. Tun a 1955 aka dawo da sashen koyar da zane daga Ibadan zuwa Zariya, ƙarƙashin kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Malaman farko yawancinsu Turawan Ingila ne, manhajarsu kuma ta makarantun Landan ce: a zana jikin mutum daidai da awo, a zana kwano da 'ya'yan itace, a koyi inuwa da nisa.

A 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Daga baya aka riƙa kiran su 'yan tawayen Zariya. Matsayarsu ita ce a karɓi kayan aiki da dabarun Turawa, amma a gauraya su da gadon gida. Uche Okeke ya koma ga zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango, Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo.

Lokacin da Gani ya iso, shekara 14 ke nan da kafa waccan ƙungiya, kuma mutanenta sun watse zuwa Nsukka da Ibadan da Legas. Tambayar zamaninsa ta ɗan bambanta da tasu. Su suna neman hujjar cewa ɗan Afirka yana da abin da zai zana daga gidansu. Shi kuwa ya tarar da wani sabon takunkumi: masu saye da masu sharhi na ƙasashen waje sun saba da cewa zanen Afirka dole ya nuna dodo, ko ganga, ko mace ɗauke da tulu. A Zariya ma hawan daba ya zama abin da kowane ɗalibi ke zanawa, saboda yana da kyau kuma yana da kasuwa. Gani bai yarda a ƙayyade masa abin da zai zana ba, kuma wannan na cikin abin da ya kai shi ga zane marar sura.

Mene ne zane marar sura?

Zane iri biyu ne a dunƙule. Akwai wanda ke kwaikwayon abin da ido ya sani, mutum ko doki ko bishiya, ana auna gwanintar mai shi da yadda abin ya yi kama. Akwai kuma wanda ya ajiye kwaikwayo gefe, ya dogara ga launi da layi da yadda aka raba fili. A Turai ana danganta farkon wannan na biyu da shekarun 1910, lokacin da Wassily Kandinsky ɗan Rasha da Piet Mondrian ɗan Holan da wasunsu suka fara fitar da ayyukan da babu surar komai a cikinsu. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne kyamara ta riga ta karɓe aikin kwaikwayo, don haka mai fenti ya koma neman abin da kyamara ba za ta iya ba.

Abin da ya zama juyin juya hali a Turai, a ƙasar Hausa tsohon abu ne. Aska takwas da ke ƙirjin babbar riga ba hoton wuƙa ba ce, ko da yake sunan ya nuna haka. Dagi, wanda ya zama tambarin Arewa, igiya ce da ta sarƙe da kanta, ba ta da farko ba ta da ƙarshe. Haka zayyanar da alaramma ke yi a gefen Alƙur'anin da ya rubuta da hannu, da ta allon sauka, da zanen ƙwarya, da aikin dukawa a jikin sirdi, da lallen amarya. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ila ya gina a shekarun 1830 zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, ginshiƙansa da bakunansa cike suke da zanen da aka fitar da laka, kuma babu surar mai rai ko ɗaya. Musulunci, wanda malamansa suka yi dogon bayani kan zana abu mai rai, ya ƙara tura gwanayen ƙasar nan zuwa ga layi da launi.

Ɗan kasuwar Kantin Kwari ma ya san wannan ilimi ko bai taɓa shiga ajin zane ba. Idan aka buɗe masa dilar atamfa, kallo ɗaya zai yi ya ware wadda za ta ƙare kafin sallah da wadda za ta kwana a shago. Zai ce wannan launin ya danne wancan, wannan zanen ya cika hayaniya, waccan ta zauna. Da irin wannan ido ake kallon zane marar sura. Bambancin da ke akwai shi ne zayyanar gargajiya tana bin tsarin da aka gada, ana maimaita shi daga uba zuwa ɗa, shi kuwa mai zanen zamani kowane ƙyalle sabuwar matsala ce da zai warware sau ɗaya.

Ruwa da fangali

Dabarar da aka fi sanin Gani da ita ita ce tsinka fentin mai har ya koma ruwa-ruwa, sannan ya zuba shi a kan ƙyalle ya bar shi ya gudana. Fenti mai kauri yana tsayawa inda buroshi ya ajiye shi. Wanda aka tsinka kuwa yana da nasa ra'ayi: yana bin gangara, yana taruwa a inda ƙyalle ya lotsa, yana kutsawa cikin launin da ke kusa da shi, ya haifar da na uku wanda ba a haɗa a kwano ba. Wasu sun riga shi zuba fenti. Jackson Pollock na Amurka ya fara ɗiga shi a kan ƙyallen da ya shimfiɗa a ƙasa tun wajen 1947, Helen Frankenthaler kuma ta tsinka shi ta bar ƙyalle ya sha a 1952. Abin da ya zama na Gani shi ne tunanin da ya ɗora a kan dabarar, wanda ya taƙaita cikin kalmomi biyu da za a iya fassarawa da tsautsayi da tsari. Tsautsayi a nan yana nufin duk abin da ya faru ba da niyyar mutum ba, mai daɗi ko marar daɗi.

Manomin rani a Kura ko Bunkure zai fahimci wannan kafin ɗan birni. Ruwan da yake ban-ruwa da shi daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka gina tsakanin 1971 zuwa 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, kusan daidai shekarun da Gani ke ɗalibta a Samaru. Ruwan yana gangarowa da kansa ta babban kanal, ba tare da injin turawa ba, ya rarrabu zuwa ƙananan magudanai har ya iso bakin gona. Duk wannan tsari ne, na injiniyoyi da na Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Amma daga lokacin da manomi ya buɗe wa ruwa baki, sai ruwan ya nuna halinsa. Ya tarar da ramin ɓera ya zurare, ya fasa kunyar da ba ta yi ƙwari ba, ya taru a kusurwar da ta fi ƙasa, ya bar tudu a bushe. Manomin da ya san aikinsa yana tsaye da fatanya, ya toshe nan ya buɗe can, yana karanta abin da ruwa ya yi kafin ya yanke abin da shi zai yi. Wanda ya saki ruwa ya tafi shan shayi zai dawo ya tarar da tafki.

Haka aikin yake a kan ƙyalle. Mai zane ne ke zaɓar launi da yawansa da inda zai fara zubawa. Shi ke karkata ƙyallen, shi ke sanin lokacin da zai daidaita shi don gudun ya tsaya. Bayan nan sai ya ja baya ya duba abin da ya samu, ya ga inda wata siffa ke neman fitowa, ya taimaka mata da buroshi ko ya shafe ta. Fentin mai ba ya bushewa da wuri, yana iya ɗaukar kwanaki, don haka garaje na ɓata aiki: launuka uku ko huɗu da suka cakuɗe ba bisa ƙa'ida ba laka suke komawa. A nan ne amsar mai cewa ɗansa zai iya take. Yaro zai iya zuba fenti, kamar yadda zai iya buɗe bakin kanal. Sanin inda za a tsaya shi ne abin da ake shekaru ana koyo. Gani kansa gwanin zanen gawayi ne, ya iya fitar da jikin mutum daidai da yadda makaranta ke so, kuma wannan horo ne ya ba shi ikon sakin fenti ba tare da ya kuɓuce masa ba.

Marinan Kura, waɗanda turkuɗinsu ya yi suna har ƙasar Buzaye, su ma da wannan suke rayuwa. Marini ya haɗa baba da toka a karofi bisa awon da ya gada, amma zafin rana da kwanakin da rinin ya yi suna da nasu hukunci. Ƙyalle yana fitowa daga rami da ɗan kore, sai iska ta taɓa shi ya koma shuɗi. Ba marini ne ke mayar da shi shuɗi ba, nasa shi ne sanin sau nawa zai tsoma.

Ga Gani, wannan ya wuce dabarar aiki. Yana ganin haka rayuwar mutum take tafiya, shiri da abin da ba a shirya ba suna cuɗanya, mai hankali kuma shi ne wanda ya iya gina wani abu daga abin da ya faɗo masa. Hausawa sun riga sun faɗa a taƙaice: kana naka, Allah na nasa.

Sarki da janar-janar

Wanda ya ɗauka cewa mai irin wannan zane ya kau da kai daga halin da ƙasa ke ciki, bai ga ayyukan Gani na ƙarshe ba. Daga daren 31 ga Disamban 1983 har ranar da ya rasu, Najeriya tana hannun soja, in ban da watanni uku na gwamnatin riƙon ƙwarya ta Cif Ernest Shonekan a 1993. Malaman jami'a na wannan zamani sun ga faɗuwar darajar Naira bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, sun ga albashinsu ya zama abin dariya, sun ga an soke zaɓen 12 ga Yunin 1993.

A cikin waɗannan shekaru Gani ya yi jerin zane-zane a kan wani sarki da bai ambaci sunansa ba. Ɗaya ya sa masa sunan da ke nufin sarki yana raha da janar-janar ɗinsa, wani kuma sarki da sarauniya da jamhuriya. A cikinsu surar mutum tana fitowa daga cikin fenti rabi da rabi, ba ta cika ba, ba ta kuma ɓace ba. Babu hoton wani shugaba da za a kama mai zane da laifinsa, amma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Wani aikin nasa da ya shahara shi ne wanda ya yi a 1991 a kan Mona Lisa, matar nan da Leonardo da Vinci ya zana shekara 500 da suka wuce, wadda hotonta ke rataye a gidan tarihi na Louvre a Faransa. A zanen Gani, wani sassaƙen itace irin na Afirka ne ke riƙe da buroshi yana zana Mona Lisa, ita kuma tana riƙe da kayan sassaƙa tana sassaƙa shi. Maganar da ke ciki a fili take ga wanda ya san tarihi: Picasso da abokansa sun ɗebi dabaru daga sassaƙen Afirka a farkon ƙarni na 20 aka kira su masu basira, amma idan ɗan Afirka ya ɗauki wani abu daga Turai sai a ce kwaikwayo yake yi. Gani ya nuna cewa kowane ɓangare hannunsa na jikin ɗayan.

Takwaransa a Manila

Wannan gwagwarmaya ba ta Najeriya kaɗai ba ce. A ƙasar Filifin, wadda Sifaniya ta mulka fiye da shekara 300 kafin Amurka ta karɓa, an yi wani mai zane da rayuwarsa ta yi kama da ta Gani ta fuskoki da yawa. Sunansa José Joya, an haife shi a Manila a 1931. Ya gama Jami'ar Filifin a 1953, ya ƙaro karatu a Madrid da kuma makarantar Cranbrook da ke jihar Michigan ta Amurka.

Joya ya tarar da ƙasar da ta saba da zanen Fernando Amorsolo, mai nuna 'yan matan ƙauye suna murmushi a gonakin shinkafa. Shi ma gonakin shinkafar ya kalla, sai dai ya cire 'yan matan da bukkokin, ya riƙe koren shuka da ruwan zinaren girbi, ya shimfiɗa su da fenti mai kauri da faffaɗan buroshi. Babban zanensa na 1958, Granadean Arabesque, wanda ruwan ɗorawa ya mamaye, yana cikin abin da ya kai baje kolin duniya na birnin Benis a Italiya a 1964, inda ya wakilci ƙasarsa. Daga baya ya koma liƙa siraran takardu masu shara-shara a kan juna, haske na ratsa su. Ya shugabanci kwalejin zane ta Jami'ar Filifin daga 1970 zuwa 1978.

Dukkansu biyu malaman jami'a ne, dukkansu sun fito daga ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka, dukkansu sun ƙi yarda a ce zane marar sura na Bature ne, kuma a shekara ɗaya suka rasu, 1995. Inda suka rabu shi ne abin da ƙasashensu suka yi da su bayan mutuwa. A 2003 gwamnatin Filifin ta ba Joya lambar gwarzon mai fasaha na ƙasa, wadda ita ce mafi girma a fannin. A 2018 aka yi gwanjon wani zanensa na 1959 a Manila a kan sama da peso miliyan 110. A cikin ƙasarsa aka yi cinikin, a zauren gwanjon 'yan ƙasa.

Malami da almajiransa

Gani bai tsaya ga nasa ƙyallen ba. A ƙarshen shekarun 1980 shi da wasu abokan aikinsa a Zariya, cikinsu har da Jerry Buhari da Jacob Jari da Tonie Okpe, suka kafa wata ƙungiya mai suna The Eye, wato Ido, wadda a farkon shekarun 1990 ta fara buga mujalla da wannan suna. A lokacin da takarda ta yi tsada, ɗakunan karatu na jami'o'i suka daina samun sababbin littattafai daga waje, fitar da mujallar sharhin zane daga Samaru ba ƙaramin aiki ba ne. Manufarsu ita ce masu zanen Najeriya su riƙa rubuta tarihin kansu da sukar junansu, kada su jira baƙo ya zo ya faɗa musu wanda ya iya.

A watan Fabrairun 1995, Gani yana kan hanyar dawowa Zariya daga wani baje koli da aka yi a cibiyar Goethe ta Jamusawa a Legas, motarsu ta yi haɗari. Ya rasu tare da wasu abokan sana'arsa, yana da shekara 48. Mutumin da ya shafe rayuwarsa yana nazarin tsautsayi, tsautsayi ne ya zama ajalinsa.

Watanni kaɗan bayan haka aka buɗe wani babban baje koli a zauren Whitechapel na Landan, mai ba da labarai bakwai na zanen zamani a Afirka, kuma ayyukansa na cikin waɗanda suka wakilci Najeriya. A 2000 aka shirya wani na musamman a zauren Brunei na makarantar SOAS ta Jami'ar Landan, a kan shi da tasirinsa ga waɗanda suka biyo baya, aka kuma sa masa sunan waɗannan kalmomi nasa biyu. Jerry Buhari da Jacob Jari duka sun zama furofesoshi a sashen, dabarar tsinka fenti kuma ta zama ɗaya daga cikin alamomin da ake gane 'yan makarantar Zariya da su.

Abin da ya rage a gida

Zanen Najeriya yanzu dukiya ce da ake lissafi da ita. A watan Fabrairun 2018 kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da Tutu, zanen da Ben Enwonwu ya yi a 1974, a kan fam miliyan 1.2 a Landan. Masu tara irin waɗannan ayyuka a cikin gida yawancinsu a Legas suke, can kuma manyan zaurukan baje koli da gidajen gwanjo suke. Sakamakon haka, aikin da aka yi a Samaru, da hasken Zariya da ƙurar hunturunta, kudu yake tafiya ko ƙetare, kuma abin da ya tafi ba kasafai yake dawowa ba. Matashin da ya gama sashen yakan bi bayan aikinsa, ko ya koma rubuta allon shago da zanen bayan tifa.

A ɗaya gefen, tsohuwar zayyanar ma tana ja baya. Gidajen ƙasa masu zane a fuska, waɗanda suka ƙawata tsohon birnin Zariya da na Kano, ana rushe su ana maye gurbinsu da bulo da siminti, magina masu wannan ilimi kuma suna ƙarewa ba tare da magada ba. Ɗinkin hannu na babbar riga yana gasa da na inji. Idan aka rasa na da, ba a kuma riƙe na yanzu ba, jikoki sai sun je gidajen tarihin wasu ƙasashe kafin su ga abin da kakanninsu suka iya.

Gyaran bai fi ƙarfin masu karanta wannan shafi ba. Attajirin da ya gina katafaren gida ya cika bangonsa da hotunan da aka buga a inji daga Dubai ko Chaina, da kuɗin ɗaya daga cikinsu zai iya sayen aikin hannu na ɗalibin da ke shirin kammala karatu a Zariya. Ma'aikatar da ke ƙawata sabon ofis tana iya ware bango ɗaya ga mai zanen jiharta. Shugaban makarantar da ya mayar da darasin zane lokacin share fili yana iya dawo da shi aji. Uban da ɗansa ke cika bayan littafi da zane yana iya tunawa cewa Gani Odutokun akawu ne har sai da abokansa suka tura shi jami'a.

Sashen da ya koyar yana nan a Samaru, ɗalibai na baje ayyukansu na kammala karatu, daga Kano kuma tafiyar ba ta kai kilomita 200 ba. Hanyar ta Kura da Kadawa take bi. Wanda ya kalli fangalolin nan ta tagar mota ya ji daɗinsu ba tare da ya nemi fassara ba, ya riga ya sami rabin abin da ake bukata kafin ya tsaya gaban ƙyallen. Sauran rabin, gani ya kori ji.